Sharar Ranar Alhamis

Ranar sunan 'yar Sadiya ina zaune a tsakar gida sai na ji wata cikin dangin mijinta tana raɗa wa ta kusa da ita, wai ai ni ce malamar nan da ta ƙona kwamfutocin gwamnati a Tudun Wada. Raɗar ma ba ta iya ba, har bakin zaure ana jin ta. Ban tanka ba don taron suna ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ke Sadiya kin ji, kika sunkuyar da kai kamar an faɗi gaskiya. Shekara wajen talatin ke nan ana yawo da wannan magana, kuma na lura ku kanku ba ku san yadda aka yi ba. Lokacin kuna ƙanana, babanku kuwa, Allah ya jiƙansa, ba mai son tone-tone ba ne. To ni mai so ce, sai ku gyara zama.

A lokacin ina koyar da buga tafireta da aikin ofis a reshen wata kwaleji da ke Tudun Wada. Hedikwatarta tana Kano, mu kuma an buɗe mu ne saboda 'ya'yan karkara, na Kiru da Dangora da Burumburum har su Doguwa, waɗanda iyayensu ba za su iya tura su birni ba. Muna zaune a cikin gari, kakarku Inna ta baro Bebeji tana tare da mu. Ina son aikina. Ni na koya wa yaran nan yadda ake zama a gaban tafireta, da yadda ake tsara wasiƙa, har da ɗan abin nan da mutane ba sa lura da shi: duk wasiƙar da ka buga, can ƙasa a gefen hagu za ka sa haruffan farko na sunanka ƙanana, don in an ga kuskure a san wa za a nema. Nakan ce musu wanda bai yarda ya sa sunansa a ƙarƙashin aikinsa ba, bai gama aikin ba.

Ana nan sai hedikwata ta aiko mana da kwamfutoci shida da firinta ɗaya, aka kuma tura ni Kano kwas na wata uku in koyo su. Na bar ku da Inna, na je na zauna cikin maza, na koya har sai da idona ya yi ja. Na dawo da zumuɗi, ina ta lissafin yadda zan raba ɗalibai biyar biyar. Ko da na iso sai na tarar shugaban reshenmu, Alhaji Sule, ya riga ya yi nasa shirin. An yi wa ɗaki fenti, an shimfiɗa darduma bango zuwa bango, an sa labule, an rufe tagogi ruf. A bakin ƙofa an rubuta a cire takalmi. Kowace kwamfuta kuma an lulluɓe ta da farin mayafi mai furanni, matarsa ce ta zauna ta ɗinka da hannunta. Wallahi ɗinkin ya yi kyau, ba zan tauye mata haƙƙi ba. Ƙofar kuwa kwaɗo biyu aka sa mata.

Na bari aka yi sati, sannan na same shi a ofis.

"Ranka ya daɗe, yaushe zan fara shiga da ɗalibai?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Waɗanne ɗaliban, Malama Binta? Yaran nan da hannunsu bai rabu da fartanya ba? Ni na sa hannu na karɓi kayan nan guda shida, kuma shida zan nuna ranar da aka tambaye ni."

"To ranka ya daɗe, me aka kawo su yi?"

"An kawo su ne a san muna da su. Ki fara koya musu a allo tukuna, in hankalinsu ya zauna sai a duba."

Kada ku ɗauka mugun mutum ne. Alhaji Sule bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, tsoro ne kawai ya cika masa ciki. Wani ya gaya masa zafi yana kashe kwamfuta, wani ya ce gumin hannu ne, wani ya ce in aka danna abin da bai kamata ba shi ke nan ta tafi. Duk ya haɗa ya riƙe. Da na ba Inna labari da yamma, tana tsinke zogale, dariya ta yi har da tari.

"Au, jere ya yi musu ke nan! Ai mu ma haka muka yi da kwanoninmu. Nawa suna can Bebeji a kan kabad tun ranar da aka kai ni, ko tuwo ɗaya ba su taɓa gani ba. Baƙo ya shigo ya yaba, shi ke nan aikinsu."

Haka kuwa abin ya zama. Duk baƙon da ya zo, ko mai unguwa ko wani babba daga ƙaramar hukuma, sai a kai shi ya cire takalmi, a ɗaga mayafi ɗaya a hankali, ya ce masha Allahu, a mayar a rufe. Ɗalibai kuma suna leƙe ta tsagar labule. Ni ina aji da alli ina zana musu kwamfuta a allo. Na sa kowa ya samo kwalin sabulu ya zana madannan a jiki, ina kiran haruffa suna danna kwali. Ku yi tunanin manyan samari da 'yan mata talatin sun duƙufa suna ƙwanƙwasa kwali da gaske, ni kuma ina zagayawa ina gyara musu yatsu. Suka haddace ma'anar kwamfuta da sunan kowane ɓangare nata, in ka tashe su daga barci za su karanto maka. Jarrabawa kuwa, zana kwamfuta ka nuna sassanta. Takarda uku na rubuta ina roƙon a buɗe ɗakin, duk amsa ɗaya ce, ana dubawa.

Abin takaicin, ina da mabuɗin ɗakin. Wata rana Alhaji Sule ya kira ni ya miƙo mini shi, har na fara murna, sai na ji ya ce:

"Ke mace ce, kin fi mu sanin tsafta, kuma ke kika yi kwas ɗinsu. Duk Alhamis bayan azahar ki shiga ki share, ki kaɗe mayafan. Amma don Allah kada a kunna komai."

Wata uku na yi a Kano ina koyon kwamfuta, ga shi an ba ni tsintsiya. Na karɓa, na ce na gode. Damina biyu ina wannan shara. Kuma a nan ne nawa laifin yake, ba zan ɓoye muku ba: da ɗaliban farko suka gama, aka kawo mini takardun shaidarsu, an rubuta sun koyi aiki da kwamfuta, na ɗauki biro na sa hannu a kan kowace ɗaya. Ni da nake musu wa'azin sa suna a ƙarƙashin aiki.

Cikin waɗannan ɗalibai akwai Hansatu Buba, 'yar Fulanin Burumburum. Ban taɓa koyar da mai saurin hannu irinta ba, in tana buga tafireta ko kallon yatsunta ba ta yi. Babanta ya sha surutun dangi kafin ya bar ta ta yi karatu, ana ta ce masa ya ɓata yarinya. Da ta gama sai hedikwatar kwalejinmu ta nemi mai buga takardu, ta tafi Kano gwaji da takardarta a cikin leda. Bayan kwana biyu da la'asar sai ga ta a gidanmu. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta gaishe ni, sannan ta zauna tana murza bakin mayafinta.

"Hansatu, yaya aka yi?"

"Malama, sun zaunar da ni a gabanta, suka ce in kunna."

"To?"

"Malama, a jikin kwalin babu wurin kunnawa."

Ta ce ta duba gaba, ta duba gefe, ta shafa gilashin, mutane huɗu suna tsaye a kanta. Sai mai gwajin ya ɗaga takardar shaidarta ya tambayi wace ce wannan malamar da ta sa hannu, ya karanta sunana da ƙarfi, aka yi dariya. Amma da ya gwada ta a tafireta ya ga hannunta, sai ya ce ya ba ta sati shida, ta je ta koyo ta dawo, in ba ta iya ba a ɗauki wani. Babanta kuma ya ce shi ya gaji, in takardar ba ta aiki ta ajiye ta ta ɗauki ƙwarya ta bi 'yan'uwanta tallan nono, a huta da gori. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Kwalejin da ta ba ta takardar ita ce ta yi mata dariya, kuma sunana ne a ƙasa.

Da babanku ya dawo daga gonakin da yake dubawa na zayyana masa komai, ina yi ina huci.

"Binta, ki bi a hankali," in ji shi. "Ki sake rubuta takarda."

"Ta huɗu? Malam, sati shida fa aka ba yarinyar nan. Kafin su gama dubawa ta yi jika."

"Aikinki nake jiye miki. Mutumin nan ya ce kada a kunna."

Inna tana gefe tana jin mu. Ta ajiye muciya ta ce, "Ni ban san kwamfuta ba. Amma ɗaki mai darduma bango zuwa bango ai ya fi ƙarfin mace ɗaya. Wa ya hana ki nemi mai taya ki shara?"

Babanku ya ce, "Inna!" Ta ce ita shara kawai ta ce.

Ranar Alhamis Hansatu ta zo da tsintsiyarta, har da ɗaura zane a ƙugu. Muka shiga, na mayar da ƙofa. Na zaɓi kwamfutar da ke can lungu, nesa da taga, na yaye mayafin, na nuna mata maɓallin na ce ta danna. Da abin ya yi ƙara ya kawo haske sai ta yi baya har ta taka tsintsiya, tana salati. Na ce zauna, ba ya cizo. Da farko dukan madannan take yi da ƙarfi irin na tafireta, sai da na riƙe mata hannu. Amma kafin la'asar ta cika shafi guda, ta goge, ta sake cikawa, tana ta mamakin yadda kuskure yake ɓacewa ba tare da an yaga takarda ba. Ashe kwalin bai tafi a banza ba, yatsunta sun san gidan kowane harafi.

Alhamis ta biyu aka ɗauke wuta. Muka zauna muna kallon baƙin gilashi, daga ƙarshe muka yi sharar da gaske don haushi. Ta uku da ta huɗu aka kawo, ta koyi ajiye aiki a faifai da nemo shi, da tsara wasiƙa da jadawali. Saura abu ɗaya, fitar da takarda a firinta, kuma na san dole za a tambaye ta. Na kuma san firintar zamanin nan ba ta da sirri, in ta fara aiki ƙararta kamar injin markaɗe. Na kwana biyu ina juya abin. A Alhamis ta biyar na ce, Hansatu sa takarda, abin da zai faru ya faru.

Ba ta kai rabin shafi ba muka ji gudu a baranda. Aka banko ƙofa, sai ga Alhaji Sule, hula a karkace, tsaye a tsakiyar dardumarsa da takalmi a ƙafa.

"Inna lillahi! Malama Binta! Me nake gani?"

"Wasiƙa ce, ranka ya daɗe. Ɗalibarka ce ta buga."

"Na ce a kunna? Na ce a kunna?"

"Ba ka ce ba. Amma ni da kai mun sa hannu cewa ta iya, ga shi yau ta iya."

Bai ko kalli takardar ba. Ya miƙo hannu na ba shi mabuɗi, ya mayar da mayafin da kansa a kan kwamfutar tana kunne, sai da na ce masa a kashe tukuna, kuma ni na kashe don bai san yadda ake yi ba. Washegari ya rubuta wa hedikwata cewa na karya doka na shigar da wadda ba ɗaliba ba, a zo a duba lafiyar kaya. Hansatu kuwa na ce ta tafi gwajinta kada ta waiwayo. Ta tafi, na daina jin ɗuriyarta, don lokacin babu waya a hannun kowa.

Bayan sati uku kwamiti ya zo, mutum uku da injiniya ɗaya. Kowa ya cire takalmi. Aka yaye mayafi na farko, injiniya ya danna, shiru. Na biyu, shiru. Ta uku ta yi ɗan tari, wani wari ya tashi. Haka har biyar. Da ya zo ta lungu, wadda muka yi aiki da ita, dannawa ɗaya ta tashi garau. Sai ya ɗauko sukudireba ya kwance bayan ta farko, ya leƙa, ya ja da baya yana toshe hanci. Ɓeraye ne suka yi gida a ciki, sun cinye wayoyi, sun yi shimfiɗa da zaren furannin matar Alhaji. Wata zanzaro ya gine ta da laka, sauran kuma laimar damina biyu a rufaffen ɗaki ta sa duk sun yi tsatsa. Ni ina share ƙasa duk Alhamis, su suna ciki suna haihuwa. Ta lungun ma ba ta tsira gaba ɗaya ba, ya ce ɗumin kunnawar ne ya busar da ita kafin ta bi sahu.

"Alhaji," in ji injiniyan, "kayan nan zama ne ya kashe su. Da ana kunna su ko sau ɗaya a sati da ba haka ba."

Da kunnena na ji, kowa ma ya ji. Na ce alhamdu lillahi, gaskiya ta fito. Ashe ban san kwamiti ba. Su dai an aiko su ne su samo wanda ya yi laifi, kuma a duk takardun da ke gabansu mutum ɗaya ne aka rubuta ya karya doka. Wanda ya kulle ɗaki bai karya komai ba, dokar ma shi ya kafa ta. Sai suka rubuta cewa malamar da ke riƙe da mabuɗi ta kunna na'ura ba da izini ba, kuma bayan haka an tarar biyar sun lalace. Duka maganganun biyu gaskiya ne, jera su kawai aka yi kusa da juna. Ɓera ko ɗaya bai shiga rahoton ba. Daga nan maganar ta fita gari, kafin ta kai kasuwa ta zama na ƙona su, har akwai wanda ya rantse ya ga hayaƙi.

Hukuncin shi ne aka mayar da ni wata 'yar cibiyar karatu a Doguwa, inda ko wutar lantarki babu. Shekara huɗu na yi a can. In tafi Lahadi da yamma, in dawo Juma'a, a bayan motar ɗaukar masara in an yi sa'a. Kai Nura, dole aka yaye ka kafin lokaci, Inna ce ta raine ka da kunu, shi ya sa har ta rasu kake kiranta Umma, ni kana ce mini Malama. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, kuma har yau yana yi. Babanku bai taɓa ce mini ai na gaya miki ba, ko sau ɗaya, Allah ya saka masa. Alhaji Sule kuwa ya yi ritaya lafiya lau, har da walima, kuma na ji an ce ta shidan ma ya sake lulluɓe ta.

Amma bari in koma ranar da takardar canjin ta zo, don ita ce dalilin wannan dogon zance. Masinja ya kawo mini gida da hantsi. Na buɗe a tsaye, na karanta. Sai kuma idon malama ya motsa. Na ga ba tafireta ce ta buga ta ba, firinta ce. Gefe da gefe daidai, kwanan wata a inda ya dace, sakin layi tsaf yadda nake koyarwa. Na kai idona can ƙasa gefen hagu, sai ga ƙananan haruffa biyu, h da b.

Na zauna a kan turmi na fashe da dariya, hawaye yana zuba. Inna ta fito da gudu ta ɗauka taɓuwa na yi.

"Ke lafiya? Ba korar ki aka yi ba?"

"Kusan haka ne, Inna. Amma sun ɗauke ta. Hansatu ce ta buga."

Ranar Asabar sai ga Hansatu, ta sha kuka har idonta ya kumbura. Ta zube a gabana ta ce a satinta na farko aka ajiye mata rubutun a tebur, ta karanta ta ga sunana, ta shiga banɗaki ta yi kuka, ta dawo ta buga. Ta ce ta so ta bar wurin haruffan nan babu komai don kada in gane, hannunta ya ƙi.

"Malama ki yafe mini."

Na ce tashi ki miƙo mini jakata. Na ciro jan biro, na shimfiɗa takardar a kan cinyata, na bi ta layi layi tana tsaye tana kallo, kamar yadda nake yi musu a aji. Na nemi kuskure da gaske, don raina a ɓace yake kuma ina son in samu. Babu ko ɗaya. Na rubuta mata goma bisa goma a saman takardar korata, na sa hannu.

Takardar tana nan cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, a cikin leda, jan biron bai goge ba. Sadiya, in kin zo ki ɗauke ta ki tafi da ita gidanki. Duk ranar da wata ta sake raɗa wannan magana a gabanki, kada ki sunkuyar mini da kai. Ki ɗauko ki ba ta ta karanta, har ƙasa.